Ranar da Zufar Mai Guga Ta Ɗauke

Ƙauri ne ya tashe ni daga kan keken ɗinki. Na shekara talatin ina ɗinki, ba na ɓata da ƙaurin yadi ko a cikin barci. Na ture rigar da ke hannuna na fita tsakar gida ba takalmi, siminti ya gasa min tafin ƙafa, na koma na zura silifas ina tsaki. Hayaƙin ta saman ƙofar Mai guga yake fitowa.

"Mai guga! Gidan za ka ƙona mana da tsakar rana?"

Na tura ƙofar, hucin da ya buge ni a fuska sai da na ja da baya. Yana tsaye gaban teburinsa, hannunsa a kan dutsen guga, dutsen a kan farar riga, rigar tana ci. Shi kuwa bango ya zuba wa ido. Na fizge dutsen na kai shi waje, na dawo na take rigar da ƙafa.

"Me ke damunka? Ba ka ganin wuta?"

Ya juyo a hankali ya dube ni kamar ranar ya fara ganina. "Ki ce wa uwar Auta ta kwashe shanya," ya ce. "Hadari ya haɗo."

Matarsa, uwar Autar, shekararta tara da rasuwa. Sama kuwa fes take, ko ɗigon gajimare babu. Nan tsoro ya kama ni.

Gidanmu gidan haya ne mai ɗaki shida, rufin kwano ba silin. Ɗakina da nasa bango ɗaya ne ya raba, shekara sha takwas kenan. Yana kirana Mai keke, ina kiransa Mai guga, kuma ba a taɓa wayewar gari ba mu tsokani juna ba. Ni in ce dutsensa ya fi shi hankali, shi ya ce ɗinkina sai an yi masa guga uku kafin ya miƙe. Mutum ne mai tsabtar da ta wuce misali, ga taurin kai. Babban abokin gabansa a duniya zufa ce. Ya taɓa ba ni labarin yadda tun yana saurayi ɗigo ɗaya ya faɗo daga goshinsa kan wuyan farar rigar wani mutum, dutse ya bi ta kai ya gasa shi, mai rigar ya jefa masa ita a fuska a gaban jama'a. Tun daga ranar ya kafa wa kansa doka. Ba ya shan ruwa sai ya gama gugar yini, wai ruwan da ka sha shi ne zai fito ya ɓata kayan mutane. Ba ya buɗe taga, kada iska ta kwaso toka daga dutsen ta watsa wa farin yadi. Tawul ɗaya a goshi, ɗaya a wuya. Wuni zai yi yana yayyafa wa riguna ruwa, shi maƙogwaronsa a bushe.

A 'yan kwanakin nan kwana takwas aka jera ana zafin da ban taɓa gani ba. Ganye ba ya motsi, an ɗauke wuta fanka ta zama ado. A cikin haka ne Auta, 'yarsa da ke koyarwa a wata makaranta can ƙarshen gari, ta samo masa aiki: fararen rigunan ɗalibai sittin, a wanke, a sa sitaci, a goge kafin Asabar. Murna kamar ya taka rawa. Ranar Laraba na gan shi zaune a bakin ƙofa yana murza sha-raɓarsa, wai jijiya ce ta ɗaure, kansa kuma yana sara. Na ce ya sha ruwa ya huta, ya daka min tsawar da bai taɓa yi min ba, na yi fushi na shige ɗaki. Da hantsin Alhamis kuwa sai ga shi ya leƙo yana fara'a, ya miƙo min tawul ɗin goshinsa.

"Taɓa ki ji, Mai keke. Ƙamas! Yau na ci galabarta. Tun safe nake guga, ko ɗigo."

"To sai a yi maka kyauta," na ce. "Ka zama busasshen icce."

Muka yi dariya. Awa uku kenan kafin ƙaurin nan.

Da na gama kashe wutar rigar, na kama hannunsa na zaunar da shi a bakin gado. Fatarsa zafi rau, a bushe, kamar murfin tukunya. Numfashinsa sama-sama, jijiyar wuyansa tana bugawa da sauri har ana gani. Sai kuma ya fara karkarwa, tsikar jikinsa ta tashi, haƙoransa na haɗuwa. Ai ina ganin haka hankalina ya ɗan kwanta, don na ga abin da na sani. Zafin jiki, rawar ɗari, surutai: zazzaɓi. 'Ya'ya biyar na raina, ko wanne na yi jinyarsa da hannuna. Ka ba shi magani, ka lulluɓe shi ruf, da zarar zufa ta keto shi ke nan, ya tashi. A gidan nan ko kan wani ne ya yi ciwo ƙofata ake bugawa, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan.

Na ɗauko farasitamol biyu na tura masa da kurɓin ruwa, rabin ruwan ya bi ta haɓarsa. Na kwantar da shi na ja bargonsa na rufe shi. Na ga bai isa ba, na koma ɗakina na jawo akwati daga ƙarƙashin gado, na fito da nawa mai nauyin nan na ɗora a kai. Na ja masa ƙofa don kada iska ta shiga.

Na koma kan keke, zama ya gagara. In taka sau biyar in miƙe, in je in cusa hannu ƙarƙashin bargo in taɓa goshinsa. A bushe. In dawo, in ga ɗinkin ya karkace, in farke. In sake komawa. A zuwa na uku na tarar ya ture bargon har zuwa cikinsa, yana fisge-fisge da hannu ɗaya. Na mayar, na cusa gefe da gefe a ƙarƙashinsa yadda ba zai iya turewa ba.

"Yi haƙuri, Mai guga. Yanzu za ta keto. Kai da ba ka son zufa, yau sai ka yi ta dole."

Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Na ɗauka barci ne ke fizgarsa.

Wajen ƙarfe biyu da rabi Direba ya dawo daga tafiya. Shi ne mai ɗakin ƙarshe, babbar mota yake ja, sai ya yi mako ba ya gida. Ya gan ni ina kai-komo tsakanin ƙofofi biyu.

"Gwaggo, lafiya kuwa?"

"Baba mai guga ne, zazzaɓi ya kwantar da shi. Na rufe shi, zufa muke jira."

Ya ajiye jakarsa. "Kin rufe shi? A wannan zafin? Yana zufa kafin ki rufe shi?"

"Da yana yi ai da ban rufe shi ba."

Ya nufi ƙofar, ni kuma na sha gabansa. Wannan tsayuwar da na yi a bakin ƙofa, har gobe ba ta bar raina ba.

"Kada ka buɗe masa iska, ka ɓata min aiki."

"Gwaggo, ba zazzaɓi ba ne, zafi ne ya buge shi. Na ga irinsa a hanya, abokin tafiyata a gabana ya faɗi. In zufa ta ɗauke a irin wannan ranar, ruwan jikin ne ya ƙare. Injin da ruwansa ya ƙone ne kika ƙara lulluɓewa."

"Mutum ne ko mota? Tun ba ka iya ɗaura wando ba nake jinyar zazzaɓi."

"Don Allah, Gwaggo, matsa."

Ban matsa ba. Ban san minti nawa muka yi muna wannan ja-in-jar ba, sai da muka ji ƙafar gado tana bugun bango. Ya ture ni ya shiga. Mai guga yana ta shure-shure a ƙarƙashin bargo biyu, idonsa ya juye. Direba ya yaye su ya wurgar, ya ciccibe shi kamar jariri ya kai shi inuwar bango, ya yage masa singileti.

"Ruwa! Duk ruwan da ke gidan nan!"

Na kinkimo bokitin da Mai guga yake yayyafa wa riguna, na kinkimo nawa. Direba yana kwara masa a ƙirji da wuya da hammata, ni ina fifita da kwali. Matan gidan suka fito suna salati. Wata ta ruga titi ta tsayar da tasi.

A asibiti wata likita 'yar siririya ce ta karɓe shi. Ta duba ma'aunin zafi, ta sake dubawa, sai ta fara ba da umarni da sauri. Aka tuɓe shi, aka jera masa ƙanƙara a wuya da hammata da cinyoyi, aka shimfiɗa masa jiƙaƙƙen zani, aka sa masa ƙarin ruwa a hannu biyu. Sannan ta juyo gare mu.

"Tun yaushe yake haka? Me aka yi masa kafin a kawo shi?"

Na ji bakina yana cewa, "Haka muka same shi, muka zuba masa ruwa."

Direba ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Auta ta iso da garin alli a hannun rigarta, ko jaka ba ta ɗauko ba. Tana ganina ta faɗa jikina.

"Gwaggo, an ce ke kika gan shi. Da ba ke ba, da a ɗakin nan zai... Allah ya saka miki."

Na shafa bayanta. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Da likitar ta fito, Auta ta tare ta da tambaya, ta tsaya ta yi mata bayani a baranda ina gefe ina ji. Ta ce jikin mutum hanya biyu yake da ita ta fitar da zafi. Yana turo jini zuwa fata don iska ta huce shi, shi ya sa zuciya ke ta gudu, sannan yana fitar da zufa, in ta bushe ta tafi da zafin. To zufa ruwa ce da gishiri, in ba a mayar ba sai jijiyoyi su fara ɗaurewa, kai ya yi ta sara, jini ya yi kauri, daga nan zufar ta tsaya. In ta tsaya zafin ya rasa hanyar fita, sai ya koma ciki. Ƙwaƙwalwa ce ke fara rikicewa, sai ƙoda, sai hanta. Ta ce zafin jikinsa ya haura arba'in da ɗaya lokacin da aka kawo shi, sun sauko da shi, amma ƙodarsa suke tsoro.

Auta ta zame ta zauna a benci. "Ni ce," ta ce. "Ni na kai masa rigunan. Sittin, Gwaggo, a wannan zafin. Na san halinsa, na san ba ya shan ruwa. Ni na kashe shi."

"Haba Auta, daina faɗin haka," na ce. Iyakar abin da na iya faɗa kenan.

Ranar Juma'a sau uku na je asibitin. In na je ba na iya zama, in na dawo gida ba na iya zama. Na ɗora ruwan shayi na manta har tukunya ta ƙone. A jikin gadonsa akwai wata jaka da fitsarinsa ke taruwa a ciki. Da safe ɗan kaɗan ne, baƙi-baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta, da rana kuwa bai ƙaru ba. Duk nas ɗin da ta shigo jakar take fara dubawa, ni ma na koma ita nake kallo. Da la'asar, Auta ta fita sayen magani, sai ya buɗe ido. Ya daɗe yana dubana.

"Mai keke," ya ce, muryar da kyar. "Sanyi nake ji."

Akwai mayafi a ninke a ƙarshen gadon. Na dunƙule hannuwana biyu na matse su a tsakanin gwiwoyina, na ce, "Sannu, Mai guga. Sannu." Ya mayar da idonsa ya rufe. Bai sake magana da kowa ba.

Na tare likitar a hanyar fita. Na yi ta kewaye-kewaye, wai wata maƙwabciyarmu ce ke tambaya, idan mutum yana cikin irin wannan hali aka ɗauka zazzaɓi ne aka lulluɓe shi, yaya kenan? Ta tsaya ta ƙare min kallo.

"Mama, na tsawon wane lokaci?"

"Awa ɗaya da rabi. Ko da ɗan ɗoriya."

Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce mutane da yawa suna yin wannan kuskuren, don rawar ɗarin tana yaudara. Ta ce ba za ta iya rantsewa cewa da ba a rufe shi ba zai tashi ba, tsoho ne, kuma ya kwana biyu jikinsa yana bushewa. Amma a wannan ciwon minti ake ƙirgawa, wanda aka huce cikin rabin awa yawanci yana tashi.

"'Yarsa ta sani?" ta ce.

Na girgiza kai. Aka kira ta, ta tafi.

Ya cika ranar Asabar da hantsi, ƙarfe goma saura. Aka yi abin da ake yi, mutane suka zo suka tafi. Duk wadda ta zo gaisuwa sai ta biyo ta ɗakina ta ce ta ji irin ƙoƙarin da na yi, maƙwabci na gari sai an dace. Ina amsawa, kaina a ƙasa. Na yi kukan Mai guga, amma ko kukan ban samu na yi shi da daɗi ba.

Kwana shida bayan haka Auta ta zo kwashe ɗakin, a mayar wa mutane kayansu. Na gan ta ta taga, ta zube, wuyanta duk ƙashi. Direba ya tsaya a ƙofata yana juya makullin motarsa a yatsa.

"Ta ce ta rubuta takardar barin aiki," ya ce a hankali. "Wai ba za ta iya sake tsayawa gaban yaran nan da fararen riguna ba. Gwaggo, ni ba zan faɗa ba, ba daga bakina za a ji ba. Amma ina kallon yarinyar nan tana ɗauke da kayan da ba nata kaɗai ba."

Ya tafi. Na zauna a kan keke, na miƙe. Na ɗauki tsintsiya, na ajiye. Na san abin da zan rasa. Yarinyar nan a cinyata ta yi kukan uwarta, ni na ɗinka mata rigar da ta fara zuwa aiki da ita. Na sha ruwa, na shiga ɗakin.

Ta buɗe tagar, karo na farko da na ga haske haka a ɗakin nan. Tana tsaye gaban tebur tana ninke kaya, tana karanta 'yan takardun da ya maƙala wa kowane ƙunshi.

"Auta, ina da magana. Kada ki katse ni, in kika katse ni ba zan iya ƙarasawa ba."

Na faɗa mata duka. Ƙaurin, maganin, bargonsa da nawa, ƙofar da na ja. Na faɗa mata ya ture na mayar na cusa masa a ƙarƙashi. Na faɗa mata Direba ya zo da gaskiya na tare ƙofa, da ƙaryar da na yi wa likita, da abin da likitar ta ce game da rabin awa. Na ce rigunan da ta kawo sun gajiyar da shi, wannan gaskiya ne, amma da rai da magana na same shi, kuma da hannuna na rufe shi.

Hannunta ya tsaya a kan wata riga. Ba ta juyo ba.

"Awa nawa?"

"Ɗaya da rabi."

"Ya kira ni?"

"Uwarki ya kira."

Ta dafa teburin da hannu biyu. Na ga kafaɗunta suna motsi, ban matsa ba, don ban san ko ina da sauran ikon taɓa ta ba.

"Kina ji ina cewa ni na kashe shi," ta ce. "A benci ɗaya muke zaune, Gwaggo. Kwana takwas."

"Ina ji."

"Har godiya na yi miki."

Na tsaya ina jiran ta ce in fita. A titi wata mota ta yi ta hon, ta gaji ta wuce. Auta ta goge fuskarta da bayan hannu, ta ƙarasa ninke rigar, ta ɗora a kan ƙunshi, ta ɗauki wata. Ta ninke uku ina tsaye. Sannan ta jawo wani dogon labule na mutane daga ƙasan kwando. Ta ɗaga shi iya tsawon hannunta, rabinsa yana jan ƙasa. Ta gwada ta wannan gefen, ta gwada ta wancan, ya ƙi. Ta daɗe riƙe da shi. Sai ta miƙo min bakinsa ɗaya ba tare da ta dube ni ba.

"Riƙe nan."

Na riƙe. Na ja baya har bakin ƙofa, ta ja baya har jikin taga, labulen ya miƙe a tsakaninmu. Muka haɗa gefe da gefe, muka karkaɗe shi sau ɗaya. Sannan ta fara takowa, idonta a kan yadin, ni ma na tako.